Suhaibu da Amyoyin Baba Nagoggo

Akwai wani magidanci a wani ƙauye da ke bayan Sandamu, a ƙasar Daura, sunansa Suhaibu. Wani mai bin wannan shafi ne ya ba ni labarinsa, na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba.

Suhaibu ya daɗe a Kano yana achaɓa. Da aka hana achaɓa a birnin, ya gwada dako, ya gwada gadi, duk abin ya ƙi. A ƙarshe ya tattaro matarsa Haulatu da 'yarsu Fadila suka dawo gida. Ya dawo da ciwon baya da tarin hayaƙin titi, ga zuciya mai saurin tashi. Magana kaɗan za ka yi masa ya ce ai shi ya ga duniya, ba ɗan ƙauye ba ne da za a koya masa zama.

Mahaifinsa ya bar masa fili a fadama. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayi injin ban ruwa da taki da irin kankana. Duk abin da ya tara a birni ya zuba shi a wannan lambu. In ya yi kyau, ya tashi. In bai yi ba, ba shi da wani abin da zai waiwaya ya kama.

Maƙwabcinsa a fadamar wani dattijo ne da ake kira Baba Nagoggo. Abokin mahaifin Suhaibu ne tun suna samari. Ba ya noma sosai, ƙarfi ya tafi. Sana'arsa zuma. Yana saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya yi mata turare, ya ɗora a kan itatuwan gawon da ke gonarsa, ƙudan zuma su zo su shige. Amyoyinsa sun fi ashirin. Ranar da Suhaibu ya dawo gari, shi ne ya fara aiko masa da kwalbar zuma, ya ce a ba mai tari ya riƙa lasa da safe.

Kankana ta fito, ta fara yaɗo. Sai Suhaibu ya lura wani babban reshen gawon Baba Nagoggo ya ratso cikin lambunsa. Kowa ya san halin gawo, da rani yake cika da ganye. Inuwarsa ta rufe gefe guda, yaɗon wurin ya tsaya bai bi 'yan uwansa ba.

Ya samu tsohon a gindin bishiya yana murza igiya.

“Baba, reshen nan zan sare shi. Yana kashe mini shuka.”

“Ba laifi, ɗana, haƙƙinka ne,” in ji Baba Nagoggo. “Amma akwai amya a reshen da ke ƙarƙashinsa. Ka ɗan ba ni kwanaki, ɗan ƙanena zai zo daga Mai'adua ya taya ni sauke ta. Ni yanzu ba na iya hawa ni kaɗai. In an sauke, ka sare abinka.”

“Kwanaki kuma? Ni da na zuba dukiyata a ƙasa zan zauna jiran ƙuda?”

“Ba a taɓa su da rana tsaka, Suhaibu. Ka yi haƙuri.”

Suhaibu ya juya ya koma lambunsa.

Washegari tsohon ya tafi jana'iza wani ƙauye. Da hantsi ya ɗaga, Suhaibu ya ɗauki gatari ya hau. Ya ce a ransa zai karkatar da reshen ya faɗa can gefe, babu abin da zai faru. Reshen bai bi shawararsa ba. Ya karye, ya daki na ƙasa, amya ta tsinke ta faɗo ta fashe.

A daidai wannan lokaci Fadila ta shigo fadama da kwanon fura a ka. Yarinya ce 'yar shekara bakwai.

Suhaibu ya diro ya faɗa cikin ramin ban ruwa, ya tsira da harbi kaɗan. Ita kuwa yarinyar ba ta san inda za ta bi ba. Ta yar da kwano tana ihu tana kaɗa hannu, ƙudan zuma kuma suna ƙara taruwa a kanta. Wani manomi da ke kusa, Maliki, shi ya rugo da buhu ya lulluɓe ta ya fita da ita.

Kafin a kai ta asibiti a Daura, idanunta sun rufe don kumburi, numfashi yana yi mata wuya. Haulatu ta zauna a bakin gado tana addu'a, ba ta ci ba ta sha ba. Allah ya taimaka, aka yi mata allurai, bayan 'yan kwanaki ta tashi.

Baba Nagoggo ya je asibitin da ƙafarsa ya duba ta. Suhaibu ya tare shi a bakin ƙofa.

“Ka ga abin da dabbobinka suka yi ko? Sai mun haɗu gaban alƙali.”

Tsohon ya dube shi, ya ce, “Allah ya ba ta lafiya.” Ya ajiye ledar lemon da ya kawo, ya koma.

Kafin ya zo asibitin, ya riga ya je gindin gawon. Ya ga saran gatari, ya ga inda reshen ya daki amya. Ya san yadda aka yi. Maliki ma ya sani. Haulatu ma ta sani, don ita ta wanke rigar mijinta mai ɗauke da ɓawon gawo.

A kotun shari'a, Suhaibu ya yi magana mai tsawo. Ya ce ƙudan zuma sun hana mutane sakat a fadama, sun kusa kashe masa 'ya, ana ajiye bala'i a kan hanyar yara. Bai ambaci gatari ba.

Alƙali ya juya ga tsohon. “Baba, ka ji abin da ya faɗa. Me za ka ce?”

“Allah ya gafarta Malam, amyoyin nawa ne. Yarinya kuma ta sha wuya, na gani da idona.”

“Shekara nawa kana wannan sana'a a wurin?”

“Tun kafin a haifi mai ƙarar.”

“An taɓa samun irin wannan?”

“Ba a taɓa ba.”

“To me ya tayar da su a wannan rana?”

Maliki yana zaune a baya yana jiran tsohon ya buɗe baki. Baba Nagoggo ya dubi Suhaibu, ya ga yadda gumi ke bin wuyansa, ya ga mutanen ƙauye sun cika benci. Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ba na wurin.”

Alƙali ya nemi a yi sulhu. Ya ce a matsar da amyoyin da ke kan iyaka, a bar na ciki. Suhaibu ya ce shi bai yarda ba, muddin akwai ko guda ɗaya a fadamar, iyalinsa ba su da kwanciyar hankali.

Alƙali bai kai ga yanke hukunci ba, tsohon ya ɗaga hannu.

“A bar shi, Malam. Zan kwashe su duka. Ubansa aminina ne, ba zan tsaya ina jayayya da ɗansa a bainar jama'a ba. Na gaji kuma.”

A waje Maliki ya tare shi cikin fushi. “Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? Ni na ga lokacin da ya hau!”

“In na faɗa, gobe duk gari za a ce shi ya jawo wa 'yarsa. Ita ma yarinyar za ta girma ta ji. Bar shi da abin da ke cikin ransa, ya ishe shi.”

Bayan kwanaki kaɗan, da aka fito sallar asuba, mutane suka ga amalanken shanu biyu sun fito daga fadama. An toshe bakin amyoyi da tsumma, an jera su a kan ciyawa. Baba Nagoggo yana zaune a bayan ta ƙarshe, ya rufe ƙafafunsa da bargo. Ya koma wajen 'yarsa a wani ƙauye kusa da Mai'adua.

Suhaibu bai tsaya nan ba. Akwai wata tsohuwar kuka a ƙarshen fadama, ƙudan zuma na daji sun daɗe a kogonta. Ya cusa tsumma da fetur ya cinna wuta. Sannan ya sayo maganin ƙwari mai ƙarfi, ya riƙa feshi da safe, kowane mako, ko ya ga tsutsa ko bai gani ba. Ya ce shi lambunsa ko sauro ba zai sauka ba.

Haka kuwa aka yi. Lambu ya yi shiru.

Kankana ta yi kyau har mutane suna tsayawa kallo. Ganye kore shar, yaɗo ya rufe ƙasa. Ta fara fure, rawaya ko'ina. Suhaibu ya fara zancen motar da za ta zo daga Kano ta yi lodi.

Sai dai furen yana buɗewa ya bushe. 'Yan ƙananan 'ya'yan da ke fitowa kamar kan yatsa sai su yi rawaya, su yanƙwane, su faɗi. Ya ce ruwa ne ya yi kaɗan, ya ƙara. Ya ce taki ne, ya ƙara. Ya ce wata cuta ce, ya sake feshi. Kullum da safe ya zagaya yana ɗaga ganye yana dubawa, kullum ya tarar da abu ɗaya.

Ba shi kaɗai ba. Gurjin Maliki ya ƙi. Kabewar wani bawan Allah a can gaba ta yi fure ta zubar. Masu albasa da latas ne kawai ba su ji komai ba.

Suhaibu ya fara cewa baki ne. Har ya faɗa a majalisa cewa tsohon nan bai tafi haka kawai ba, akwai abin da ya binne. Wani dattijo ya ce masa ya ji tsoron Allah. Sauran suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bar shi a kan tabarma.

Maliki ne ya je Daura ya roƙo wani malamin gona, Malam Yazid, ya zo ya duba musu. Ya iso da sassafe a kan babur. Bai buɗe jaka ba, bai taɓa ƙasa ba. Ya tsaya a tsakiyar lambun Suhaibu ya kasa kunne.

“Malam Suhaibu, me kake ji?”

“Ba na jin komai.”

“To shi ne ciwon. Lambun kankana mai fure haka, da wannan safiya, ya kamata kunnenka ya cika da ƙugin ƙudan zuma. Ina suke?”

Maliki ya kalli Suhaibu. Suhaibu ya kalli ƙasa.

Malam Yazid ya tsuguna ya tsinko fure ɗaya. “Duba nan. Wannan namiji ne, ga ɗan garin nan rawaya a cikinsa.” Ya ɗaga wani da ke jikin yaɗo. “Wannan kuma mace ce, ga 'yar kankanar a gindinta. In garin wancan bai zo cikin wannan ba, ba za ta ɗauka ba, sai ta zubar. Garin yana da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Ƙudan zuma ne ke zuwa shan ruwan fure, ya manne musu a jiki, su kai wa na gaba. Su da wasu ƙananan ƙwari, har da malam-buɗe-littafi. Haka Allah ya tsara. Ɗorawa da kuka ma, jemagu ne ke yi musu wannan aikin.”

“To wane magani zan saya?” in ji Suhaibu.

“Babu shi a shago. Feshin nan da kake yi da safe ma, ya kashe 'yan kaɗan da suka rage. In kana son ka tsira da wani abu bana, kai za ka yi aikin da suke yi.”

Ya nuna masa. A tsinko namiji, a cire masa ganyen furen, a goga kansa a hankali cikin macen. Ya ce macen safiya ɗaya kawai take buɗewa, in rana ta yi zafi ta rufe, shi ke nan. Wadda aka rasa yau an rasa ta.

Suhaibu ya dubi lambun daga wannan iyaka zuwa waccan. Furanni ba su ƙirguwa.

Washegari ya fara. Daga masallaci sai fadama. Ya duƙa, ya ɗaga ganye, ya nemo mace, ya nemo namiji, ya goga, ya matsa. Kafin ya gama kunya uku rana ta take, sauran sun rufe. Ya miƙe da ƙyar, bayan nan da achaɓa ya lalata kamar an soka masa ƙarfe. Ga ban ruwa yana jira, ga ciyawa.

Ya nemi 'yan ƙodago, ba abin da zai ba su. Ya nemi maƙwabta, kowa yana duƙe a nasa lambun yana irin wannan aikin, kuma kowa ya san wanda ya jawo. Gaisuwa ma da ƙyar ake amsa masa.

Wata safiya zai fita, ya ga Haulatu ta sa hijabi ta ɗauro zani a kai.

“Ina za ki?”

“Lambu. Ka nuna mini yadda ake yi.”

“Matata a fadama? Mutane su ce me?”

“Baban Fadila, mutane sun riga sun faɗi abin da za su faɗa. Buhun geron nan ya kusa ƙasa. Mu je.”

Haka suka riƙa fita su biyu. Tun tana amarya ba ta taɓa aikin gona ba. Yatsunta suka yi kanta, ƙaiƙayin ganye ya fashe mata hannu. In sun dawo sai ta hura wuta tana gyangyaɗi. Shi kuma ya kwanta rigingine a kan tabarma, ko juyi ba ya iyawa. Magana ta ƙaranta a gidan. Ba faɗa suke ba, ƙarfin maganar ne babu.

Wata rana suna tsakiyar aiki, ta zauna a kan kunya ta share gumi. Ta daɗe tana kallon itatuwan gawon nan da babu komai a kansu sai guntayen igiya.

“Yanzu duk wannan wahalar, ƙudan zuman nan ne suke yi mana?”

Ya ci gaba da goga fure.

“Kullum? Ba mu sani ba, ba mu gode ba?”

“Haulatu, rana tana yi.”

“Na yi shiru a asibiti, na yi shiru ranar kotu, don kai mijina ne. Amma ni na wanke rigar nan. Tsohon nan bai yi mana komai ba. Ko lambun nan ya yi ko bai yi ba, akwai haƙƙinsa a kanmu. Ni shi ya fi damuna, ba yunwa ba.”

Suhaibu ya tsaya da fure a hannu. Ya koma ya duƙa.

Abin da suka samu a ƙarshe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya sa rai ba. Wasu kankanar sun fito a karkace, gefe ya cika gefe ya shanye. Ba motar da ta zo daga Kano. A baro ya tura su bakin titi, ya zauna yana yankawa yana sayarwa yanka-yanka, rana tana dukansa.

Da ya sayar da ta ƙarshe, ya wayi gari ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau bayan ɗan achaɓa zuwa Mai'adua. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan.

Ya tarar da Baba Nagoggo a zaure, a kishingiɗe. Ya rame ƙwarai. Suhaibu ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa.

“Wa nake gani kamar Suhaibu? Shigo, ɗana. Ya mai jiki? Ta warware sarai?”

“Ta warware, Baba.”

“Alhamdu lillahi. Ya Haulatu? Ya lambu?”

Nan Suhaibu ya kasa daurewa. Ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan tabarma.

“Baba, ni na sare reshen. Kun ce in jira, ban jira ba. Na je gaban alƙali na ɗora muku. Na raba ku da gonarku da garinku. Har cewa na yi kun yi mini asiri.”

“Na farkon na sani. Na asirin ne ban ji ba,” in ji tsohon, ya yi 'yar dariya da ta koma tari. “Tashi zaune. Na yafe tun ranar. Ba don kai kaɗai ba, ni ma ina son in kwanta da zuciya mara nauyi.”

“Ku dawo, Baba. Ni zan ɗauko amyoyin da kaina.”

Tsohon ya girgiza kai. “Waɗanne? Tafiyar ba ta karɓe su ba. Wasu saƙarsu ta karye a hanya, wasu da aka buɗe suka tashi suka bar ni. Nan babu gawo kamar can, babu ruwa kusa. Uku suka rage. Ni kuma ka gan ni, ko bakin ƙofa sai an riƙe ni.”

Suhaibu ya gyara zama. Ya zo da tunanin zai ba da haƙuri a mayar da komai yadda yake. Sai yanzu ya gane akwai ɓarnar da haƙuri ba ya gyarawa.

“To yanzu ya zan yi?”

“Ka iya saƙa?”

“Ban iya ba.”

“Za ka iya. Leƙa bayan gida ka ɗebo ciyawar nan da igiya.”

Ranar bai koma gida ba sai yamma. Ya riƙa zuwa duk ranar kasuwar Mai'adua. Tsohon yana kwance yana faɗa, shi yana yi. In ya saƙa ba daidai ba a ce ya warware. Ya koyi shafe amya, ya koyi irin turaren da ake yi mata, ya koyi reshen da ake zaɓa da inda ake juya bakinta don kada rana ta dake shi.

“In na ɗora, sai me?” Suhaibu ya tambaya wata rana.

“Sai ka jira.”

“Har yaushe?”

“Har su ga dama. Ba a kiran su, ba a korar su zuwa ciki. Kai dai ka daina feshi da safe, ka ajiye musu ruwa a kasko, ka sa tsakuwa a ciki kada su nutse. In maganin ya zama dole, ka bari sai yamma sun koma.”

Da izinin tsohon ya ɗora amyoyi shida a kan gawon nan. Damina ta zo, ya yi noman gero a gonar tudu, ya yi ƙodago a gonakin mutane don a ci abinci. Duk bayan kwana biyu ya gangara fadama ya ɗaga kai. Babu komai. Ɗaya ƙadangaru suka shige, ɗaya tururuwa, ɗaya ruwa ya ruɓar da ita ya sake wata. Mutane suna wucewa suna cewa wanda ya kore su ne yau yake zaman jiransu. Ya ji, ya ci gaba da zuwa. Ya bi masu lambu ɗaya ɗaya ya ba su haƙuri. Wasu suka karɓa, wasu suka ce sai sun gani.

Sai da kaka ta wuce, gawo ya fara fure, wata safiya Maliki ya yi sallama a ƙofar gidansa yana haki.

“Fito ka gani! Sun shiga amyar da ke kan iyaka!”

Suka tafi da sauri. Daga nesa suka tsaya. Ga su nan suna shiga suna fita a bakin amya, kamar ba su taɓa barin wurin ba. Suhaibu ya zauna a ƙasa yana kallonsu. Cikin shida, biyu ne suka samu baƙi a wannan shekara.

Ya sake shuka kankana, rabin fili kawai, don abin da ƙarfinsa ya kai ke nan. Ta yi fure, ta ɗauka. Ba irin lodin da ya taɓa mafarki ba ne, amma 'ya'yan sun fito a cike, sun yi nauyi. Gurjin Maliki ma ya yi. Haulatu ba ta sake fita fadama ba.

Ana saura kaɗan a fara yanka, aka aiko daga Mai'adua cewa Baba Nagoggo ya rasu.

Suhaibu ya je ya samu jana'iza, ya zauna zaman makoki har aka share. Zai tafi, sai 'yar marigayin ta aiko a tsayar da shi. Ta yi magana daga bayan ƙofar zaure.

“Malam Suhaibu, Baba ya bar wasiyya a gaban liman. Ya ce amyoyin nan uku a ba ka.”

“Ni? Hajiya, ni ne fa na...”

“Mun sani. Mu ma mun faɗa masa haka. Ya ce shi ba lada yake ba ka ba. Ya ce a nan wahala suke sha, a mayar da su inda akwai fure da ruwa, kuma yanzu a duk fadamar babu wanda zai kula da su kamar wanda ya ɗanɗani rashinsu.”

Suhaibu ya jingina da bango, ya rufe fuska da hularsa. Mutanen da ke zaure suka kau da kai suka ba shi wuri.

Da asubar washegari ya toshe bakin amyoyin da tsumma, ya shimfiɗa ciyawa mai kauri a amalanke. Bai hau ba. A ƙasa ya tako tun daga can har fadamar ƙauyensu, yana riƙe da igiyar shanu, duk inda ya ga rami sai ya tsayar da su ya bi a hankali.

Darasi: Kada fushi ko girman kai ya sa ka kori abin da ba ka san amfaninsa ba. Allah bai halicci komai a banza ba, ƙaramin ƙwaron da kake kashewa yana iya zama shi ke ɗauke da abincin gidanka. Haka ma mutane: wanda ya yi shiru ya bar maka ba wai ba shi da abin faɗa ba ne, mutuncinka yake karewa. In ka zalunci wani, ka je ka nemi yafiya tun yana raye. Manomanmu kuma, a rage feshi lokacin da shuka ke fure, a bar ƙudan zuma su yi aikinsu. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, musamman masu lambu, wataƙila wani yana riƙe da gatarinsa yanzu haka.